Kwamfutata Tana Zafi Har Ta Ɗauke da Kanta: Gyara Take So Ko Ta Gama Yayi?

"Assalamu alaikum Malam Injiniya. Ina da ɗan shago a Kawo, ina buga wa mutane takardu da zanen katin biki da fosta. Kwamfutar da nake aiki da ita laftof ce ta hannu, shekara 3 ke nan da na saye ta. Tun bayan hunturun nan ta tsiri wani irin zafi, gefen hagunta har ba ya taɓuwa, fankarta kuma sai ƙugi kamar injin markaɗe. Idan na buɗe CorelDRAW na yi minti 20 zuwa 30 sai ta fara nauyi, can sai ta ɗauke ɗif, aikin da ban ajiye ba ya bi ruwa. Na kai ta an yi mata filashin, an zuba sabon Windows, ba ta sauya zani ba. Wani ya ce in sayi faifan nan mai fanka da ake ɗora ta a kai, wani ya ce ta gama yayi in rabu da ita. Da dare nakan tafi da ita gida in ƙarasa aiki a kan gado. Don Allah a ba ni shawara."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya sa wa sana'a albarka. In na fahimce ka da kyau, abu uku kake son sani: me ya jawo zafin, ko akwai abin da za ka saya ya kawar da shi, da kuma ko lokacin rabuwa da ita ya yi. Bari in fara da na ƙarshen don hankalinka ya kwanta. Kwamfutar da ke tashi lafiya lau da safe, ta yi aiki na ɗan lokaci, sai ta ɗau zafi sannan ta ɗauke, da wuya a ce ta mutu. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu irinta ce ta fi shigo mini shago, kuma yawancinsu a ranar suke komawa gida.

Ɗaukewar da take yi ma dabara ce da aka gina ta da ita. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin komai, tana da ma'aunin zafi a cikinta. Idan zafin ya doshi digiri 100 a ma'aunin Selsiyos sai ta rage gudu da kanta, shi ne nauyin nan da kake ji. Idan rage gudun bai wadatar ba sai ta yanke wuta gaba ɗaya, don kada ta ƙone. Kare kanta take yi. Sai dai kada ka ɗauki wannan a matsayin lasisin ci gaba da gasa ta, domin furosesa tana iya jure zafin, amma batir da rumbun ajiya da ƙananan kayan da ke kewaye da ita ba su da wannan juriyar.

Ta ina zafin yake fita?

Duk wutar da furosesa ta ci, zafi take komawa. Duba sunan taka. Idan lambar ta ƙare da harafin U, kamar i5-8250U, yawanci an tsara ta a kan wat 15. Idan ta ƙare da H, kamar i7-8750H, yawanci wat 45 ne. A ido ba wani abu ba ne, ƙwan lantarki irin na da mai wat 60 ya fi haka ci. Amma wannan zafin duk yana fitowa ne daga ɗan abin da faɗinsa bai fi farcen babban yatsa ba, a cikin akwatin da kaurinsa bai wuce yatsa guda ba.

A saman furosesa akwai ɗan farantin jan ƙarfe da aka ɗaure da noti. Tsakaninsu akwai wani mai mai kauri, ruwan toka, aikinsa cike 'yan ramukan da ido ba ya gani don zafi ya tsallaka ba tare da iska ta raba su ba. Daga farantin, wani siririn bututun jan ƙarfe ya miƙe zuwa gefen kwamfutar. A rufe yake ruf, da ɗan ɗigon ruwa a ciki. Ruwan yana tafasa a wajen furosesa, tururin ya gudu zuwa ɗaya ƙarshen, ya huce ya koma ruwa, ya dawo. A can ƙarshen akwai siraran ƙarafa a jere kamar haƙoran mataji. Fanka tana zuƙo iska, yawanci ta ƙasan kwamfutar, ta hura ta tsakanin haƙoran, iskar ta fita da zafin. In ka taɓa tsayawa wurin bakanike ka ga lagireton mota, to wannan ƙaramin lagireto ne.

Saboda haka wuraren da abin zai iya tsayawa ƙidayayyu ne: ko iska ba ta shiga, ko ba ta fita, ko fanka ta gaji, ko zafin ba ya tsallakawa daga furosesa zuwa jan ƙarfen. Filashin bai taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba. Ban ce wanda ya yi maka ya cuce ka ba, akwai lokacin da filashin ke rage zafi kuma zan zo kansa. Amma a taka matsalar, kamar mutum ne mura ta toshe masa hanci aka kama shi aka yi masa aski.

Kalma biyu a wasiƙarka: "bayan hunturu"

A nan gizo ke saƙar. Masu ƙera waɗannan na'urori suna rubuta iyakar zafin ɗakin da za a yi aiki da su a ciki. Apple ya ce digiri 10 zuwa 35 ga MacBook, yawancin na HP da Dell ma a 35 suke tsayawa. Kai ka san yadda shago mai rufin kwano yake a Kawo da ƙarfe 2 na rana a watan Maris. Iskar da fanka ke zuƙowa don ta sanyaya ciki, ita kanta ta riga ta kai iyakar. Kafin bazarar ta iso kuwa, hunturu ya yi wata 3 ko 4 tun daga Nuwamba yana ɗura mata ƙura. Ƙurar hunturu laushi gare ta kamar hoda, ba ragar da ke tare ta. A shago irin naka tana haɗuwa da burbushin takarda, a gida kuma da zaren bargo da gashin kafet, su dunƙule su zama kamar tsumma a bayan haƙoran matajin nan, daidai inda ba a hangowa daga waje. Lokacin sanyi ba ka ji komai ba don iskar ɗaki tana rufa asiri. Da zafi ya shigo sai asirin ya tonu.

A bazarar da ta wuce wata baiwar Allah mai ɗinki ta kawo mini tata daga Tudun Wada, da ƙorafi irin naka sak. A kan teburin yanka take ajiye ta tana nuna wa masu kawo ɗinki samfura. Daga waje fes take, har da 'yar rigar da ta ɗinka mata. Na kwance noti, na ɗaga fankar, sai ga wani dogon abu ya shimfiɗe a bakin haƙoran daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Na sa hantsaki na ja, ya taso gaba ɗaya bai tsinke ba, kamar lagwanin fitila. Da ka kara shi a haske kana ganin zare ja, kore, ruwan goro. Na ɗora mata a tafin hannu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, wannan ai ɗinkin Sallar bara ne." Kafin shara, ma'auni yana nuna sama da 80 tana zaune ba ta aikin komai. Bayan shara ta sauko wajen 50. Ba mu sayi komai ba.

Kai ma kana iya gane inda taka ta tsaya ba tare da ka buɗe ta ba. Bari sai fankar ta fara ƙugin nan, sannan ka kara bayan hannunka a bakin inda iska ke fita. Idan ƙara ta cika ɗaki amma iskar da ke taɓa hannunka ba ta fi numfashin jariri ba, hanya ce ta toshe, kuma bisa abin da ka bayyana nan na fi zargi. Idan iska tana fita da ƙarfi amma ba ta da zafi, alhali jikin kwamfutar yana ƙuna, to zafin ne ba ya isowa wurin: man furosesa ya bushe, ko noti ya saki, ko kuma, wanda ba kasafai ba, bututun ya huje ruwansa ya tsere. Idan shiru kake ji, ko wani karkar-karkar kamar tsinke na taɓa fanka, ita ce ta gaji. Idan kuwa iska tana fita da ƙarfi kuma da zafi, to kayan sanyayawa suna aikinsu, wani abu ne a cikin Windows ke sa furosesa aikin gayya.

Kafin ka kai ta ko'ina, sauke HWMonitor ko Core Temp, manhajojin da ke nuna zafin furosesa, kyauta ne kuma ba su da nauyi. Kunna kwamfutar ka bar ta minti 10 ba ka taɓa komai ba, ka rubuta lambar. Buɗe aikin da ya saba kashe ta, ka yi minti 10, ka sake rubutawa. A zaune, 40 zuwa 55 lafiya ne, a bazararmu ko ta taɓa 60 ba na tayar da hankali. A kan aiki, 70 zuwa 85 ba laifi. Wadda ta haye 90 ta zauna a can, ita ce mai neman taimako. Wannan 'yar takardar da ka rubuta ita ce shaidarka a wurin mai gyara. In ya ce ya yi shara, ka sake aunawa a gabansa.

Batun gado kuwa ba sai na ja ba. Ƙafafun robar nan da ke ƙasanta an sa su ne don su bar rata iska ta shiga. Katifa da filo da bargo suna shanye ratar, su toshe ramukan, su kuma ba ta zare ta haɗiya. In dole sai a gado, ɗora ta a kan tire ko guntun katako. A shago ma, sa murfin gorar ruwa biyu a ƙarƙashin ƙafafun baya, ka ga yadda lambar za ta sauka. Sannan idan za ka tashi daga shago, kashe ta gaba ɗaya. Rufe murfi kawai barci ne, kuma takan farka a cikin jaka. Kana cikin Keke kuna cunkoso a Ahmadu Bello Way, ita tana can tana dahuwa ba ta da inda za ta shaƙi iska.

Shara: da kanka ko wurin mai gyara?

Ya danganta da ƙirar. Akwai wadda kana kwance notin baya murfin zai ɗago, ga fanka a gabanka. Akwai wadda sai an cire kibod, an ɗaga saman duka, an zare wasu siraran wayoyi masu kama da ledar alewa kafin a kai gare ta. Nemi bidiyon kwance irin taka a YouTube ka kalla sau biyu. In ka ga irin ta biyun ce, kai wa mai gyara, kada garin neman gira a rasa ido, musamman tunda da ita kake cin abinci.

In za ka yi da kanka, kashe ta, zare caja, kuma da ka buɗe abu na farko shi ne cire soket ɗin batir daga fanel, wato babban allon da duk kayan ciki ke manne a kai. Taɓa ƙarfen ƙofa ko na taga kafin ka sa hannu a ciki. Wutar nan da ke tartsatsi idan ka tuɓe rigar sanyi da hunturu, ko ka miƙa wa mutum hannu ka ji ta ja ka, ta isa ta kashe ƙaramin abu a fanel. Jera notin a kan takarda yadda ka kwance su, don ba tsawonsu ɗaya ba, dogo a ramin gajere yakan yi ɓarna. Kwance fankar ka ɗaga ta, tsumman yana nan tsakaninta da haƙoran. Cire shi da hannu, bi wurin da tsohon buroshin haƙori busasshe, sannan ka hura iska daga ciki zuwa waje. Lokacin hurawa tokare fukafukan fankar da tsinken sakace don kada ta wulwula.

Na san masu kai tasu wurin mai faci a hura mata iskar taya. Iskar ta yi ƙarfi da yawa, takan taho da danshi da ɗigon mai daga tanki, kuma tana juya fanka da gudun da ba a yi ta dominsa ba. Mafi muni, hurawa daga waje ba tare da an buɗe ba tana tura tsumman ne ya koma cikin fanka ya cije ta. Da tana ƙugi, yanzu ta yi shiru, mai ita ya tafi yana murna an gyara. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wani kuma ya taɓa gaya mini, har da alfahari, wai firji yake sa tasa ta huce. Kana fito da ita raɓa za ta kwanta a fanel kamar yadda take kwanciya a jikin kwalbar lemo mai sanyi. Ledar fiya wata mai ƙanƙara da wasu ke ɗora mata ma hukuncinsu ɗaya.

Man furosesa

Kwamfutarka ta hannu ce, ta yi wasu shekaru a inda ta fito kafin ta yi 3 a hannunka. In ba a taɓa canza mata man ba, akwai yiwuwar ya bushe ya zama kamar ƙanzo. Tunda za a buɗe ta, a canza. Ana goge tsohon tas da sifirit mai ƙarfi irin na isofurofil, ba fetur ba, ba tina ba. Sabon kuma kamar ƙwayar shinkafa ya isa, domin aikinsa cike rami ne, ba yin katanga tsakanin ƙarfe biyu ba. Wajen mayar da farantin za ka ga lambobi 1, 2, 3, 4 kusa da notin. A bi su a jere, ana ɗaurewa kaɗan-kaɗan, don ya kwanta daidai. Wasu 'yan soso masu laushi da za ka gani a kan ƙananan kaya, a bar su a wurinsu, ba a maye gurbinsu da mai.

Ka tsaya a kan mai gyara ka ga abin da zai matsa. Na taɓa buɗe wata da aka ce an canza mata mai mako biyu da suka wuce, ina ɗaga farantin sai ƙamshin na'a-na'a ya bugi hancina. Man goge baki ne aka shafa mata, ya bushe ya zama gari. Arctic MX-4 na daga cikin waɗanda nake amfani da su, sirinji ɗaya yana yin kwamfutoci da yawa. A yanayinmu ina canza wa mutane duk shekara 2 zuwa 3. Amma idan lambobinka suna da kyau, a bar kaza cikin gashinta. Yawan ɗaga farantin nan ma ba alheri ba ne.

Idan iskar tana fita da zafi

To sai a duba cikin Windows. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Dubi layin CPU, wato furosesa, lokacin da ba ka aikin komai. Ya kamata ya zauna ƙasa-ƙasa. In ka gan shi a 50 ko 80 cikin 100, danna kan layin ka ga wa ke saman jerin. Wani lokaci Windows ne ke sabunta kansa, musamman kwanakin farko bayan filashin, wannan yana wucewa. Wani lokaci manhajar kashe bairos biyu ce aka zuba suna kokawa da juna, alhali wadda ta zo da Windows ta wadatar wa yawancin mutane. Wani lokaci kuma shafukan Chrome 20 ne a buɗe tun safe.

Akwai wanda ya fi waɗannan damuna a shagunan buga takardu. Manhajojin da ake zuba wa mutane daga filas, waɗanda aka fasa makullinsu, wasunsu suna zuwa da baƙo a ɓoye, yana amfani da furosesarka yana haƙar kuɗin kirifto wa wani can. Kai ga zafi da cin batir, shi ga riba. Irin wannan ne filashin ke magancewa, sai dai in bayan filashin an sake zuba manhajar daga filas ɗin da ya kawo cutar, an koma gidan jiya. Leƙa sashen Startup a nan cikin Task Manager ma, ka kashe duk abin da ba ka buƙatar ya tashi tare da kwamfutar.

Ga wata dabara da nake yi wa masu aiki a shago mai zafi. A Control Panel shiga Power Options, ka bi har saitin da ake kira Maximum processor state, ka mayar da shi 99 maimakon 100. A kwamfutoci da yawa wannan ɗaya tak ɗin yana hana furosesa yin zaburar nan da ake kira Turbo Boost, wadda ita ce ke kawo mafi yawan zafin. Za ka rasa ɗan gudu wajen manyan ayyuka, amma wajen katin biki da wuya ka lura. Yi wannan yau, kafin ka samu zuwa shara, ko don aikin mutane ya daina bin ruwa. In kuma Windows 10 aka zuba maka, ka sani Microsoft ya rufe tallafinsa na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, sai ka tambaya ko taka za ta ɗauki Windows 11.

Batir da caja

Kife kwamfutar a kan tebur ka duba ko bayanta ya yi tozo. Duba ɗan filin da kake jan yatsa a kai, ko ya fara tasowa ko ya daina dannuwa. In haka ne, batir ya kumbura, kuma wannan ba ya jiran gobe. Kada ka danna shi, kada ka huda shi, a cire shi. Batirin litiyam ba abin da ke tsufar da shi kamar zafi da zama a cike 100 kullum a jikin caja. Lenovo Vantage, MyASUS da Dell Power Manager duk suna da inda ake tsayar da caji kafin ya cika, wasu na HP kuma a cikin BIOS yake, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi. Wasu suna tsayarwa a 60, amma a garin da ba ka san lokacin da za a ɗauke wuta ba, ni 80 nake ba da shawara in akwai zaɓin.

Caja kuma, karanta abin da aka rubuta a ƙasan kwamfutar: bolt nawa, wat nawa. Bolt sai ya zo daidai, ko 19.5 ne ko 20. Wat yana iya fin wanda aka rubuta, amma kada ya gaza. Cajar wat 45 a kwamfutar da ke son 65 za ta yi ta ƙuna, kwamfutar kuma ta yi nauyi. Cajar da ka ɗaga ka ji ta sakayau kamar fankon ashana, ajiye musu kayansu, araha ba ta ado. Idan aka ɗauke wuta ko za a tayar da janareta, zare ta daga bango sai wutar ta zauna. Da damina in hadari ya haɗo ana tsawa, haka nan.

Faifan mai fanka fa?

Ba ƙarya ba ne, amma ba shi ne maganinka ba. Yana rage 'yan digiri kaɗan a kwamfutar da hanyar iskarta a buɗe take, kuma rabin amfaninsa ɗaga ta da yake yi ne, abin da murfin gora ke yi kyauta. A wadda ta toshe, fifita kake yi wa mutumin da aka shaƙe. Yi shara tukuna. In bayan nan kana da rarar kuɗi, saya. Ni da za ka tambaye ni inda za ka sa kuɗin, in har rumbun ajiyarka tsohon HDD ne mai faifai a ciki, SSD zan ce ka saya, wato rumbun da ba shi da faifai mai juyawa. Ba ya gudun girgizar hanya, bai cika ɗumi ba, kuma za ka rantse sabuwar kwamfuta aka ba ka. In RAM ɗinka, wato ma'ajiyar wucin gadi da furosesa ke aiki a kai, 4 GB ne, kai shi 8, CorelDRAW zai sarara.

Kula ta yau da kullum ba ta da yawa. Babbar shara sau ɗaya a shekara, kuma lokacinta ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, hunturu ya tafi bazara ba ta kankama ba. Shagon da ke bakin titi irin naka, ƙara ta biyu wajen Oktoba. Duk mako goge ramukan iska da buroshi busasshe. In ka kashe ta ta huce, rufe ta da kyalle, amma kada ka rufe ta tana kunne. Kada ka ajiye ta inda rana ke faɗowa ta ƙofa, kuma matsar da ita daga bakin firinta. Kofin shayi ya zauna a wani teburin. Abin da na fi so ka yi yau kafin gobe shi ne kwashe ayyukan mutane zuwa wani rumbun na waje ko Google Drive. Kwamfutar da ke ɗaukewa tana tsakiyar rubuta fayil tana iya lalata shi, kuma ranar da rumbu ya tafi, kuka ihu ne bayan hari. A CorelDRAW akwai saitin ajiye kwafi da kansa, mayar da shi duk minti 5.

Inda tawa ta tsaya

Ban ga kwamfutarka ba, ban ji ƙarar fankarta da kunnena ba. Duk abin da na faɗa a kan bayaninka na gina shi. In aka yi shara, aka canza mai, fanka tana juyawa, lambobi suka sauko, amma ta ci gaba da ɗaukewa, ko ta fara ɗaukewa tun tana sanyi, to ba zafi ba ne. Sai a gwada ta da wata caja, a gwada ta ba batir, a cire RAM a goge a mayar. In duk ba su ba ne, matsalar tana kan fanel. Wannan ba aikina ba ne, nakan tura wa masu madubin ƙara girma da na'urar narka dalma. A nan ne kawai maganar rabuwa da ita take tasowa: in kuɗin gyaran fanel ya doshi rabin kuɗin wata ta hannu irinta, ni ba na ba mutum shawarar ya zuba, don gyaran fanel ba kullum yake riƙewa ba.

Amma ba mu kai can ba. Yi gwajin bayan hannun nan gobe da rana lokacin da shago ya ɗau zafi, ka aiko mini da abin da ka ji, da lambobi biyun da HWMonitor ya nuna, da cikakken sunan samfurin da ke rubuce a ƙasanta. Da su zan gaya maka ko irin wadda za ka buɗe da kanka ce.